Na Kwashe Musu Rariya

Alhamis da dare, watan Yuni, 1992

Yau 'yata Rifkatu ta faɗa ramin masu haƙar safaya, dutsen nan mai tsada, a gonarmu. Ruwan sama ya cika shi, ciyawa ta rufe bakinsa. Ba don maƙwabciyarmu Maman Ladi tana wucewa ta jawo ta da zani ba, da yanzu makokin 'yata ake yi.

Ban yi kuka ba. Na gangara rafi inda suke wanke tsakuwa, na tattara rariyoyinsu duka na ɗora a kai. Suka tsaya suna kallona kamar mahaukaciya.

Da yamma Yohanna ya zo, shi ma mai haƙar ne, wai shi ƙanen miji, zai yi mini faɗa. Ya ce, "Matar Yaya, mutumin Senegal mai sayen dutsen zai zo Kafanchan ran Asabar, ki bari mu wanke na wannan mako." Wai matan Turai ne ke sa dutsen nan a zobe ranar aure. Na ce su sa lafiya, amma ko sun san ramin da ya fito har yanzu yana buɗe? Shekara nawa ana cewa za a cike, citta ma na daina shukawa a wajen.

Ya ce zai kai ni gaban mai unguwa. Na ce ya kai ɗin. Da Rifkatu zan je, da rigarta mai laka, ban wanke ba.

Rariyoyin na kife su a kan 'yan tsakina saboda shirwa. Ranar da na taka ramin nan na ji an cike shi da ƙasa, su zo su ɗauka.