Rabin Askin Furen Inna

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da mijin nan naki mai tumbi. Ki gaishe shi, ki gaida tumbin daban.

Yaya, akwai matsala. 'Yar bishiyar furen nan da Inna ta shuka a bakin tagar kicin, tun da Allah ya yi wa Inna rasuwa ba ta sake yin fure ba. Baba ya ce in sanyin bana ya wuce bai ga ko ɗaya ba, zai tumɓuke ta ya zuba siminti, ya sami wurin ajiye babur. Ni kuwa na ce sai dai a kwaɓa simintin da ni.

Ruwa ina ba ta, taki ina zubawa. Rannan har furen roba na falo na ɗaɗɗaura mata. Baba ya fito yana ta hamdala, ya kai hanci, ƙura ta sa shi atishawa. Abin da ya biyo baya, kunnena ne shaida.

Shi ma yana iya ƙoƙarinsa. Kin san mai aski, ba ya iya ganin kai buzu-buzu ya wuce. Duk shekara in sanyi ya kama sai ya zagaye ta da almakashi, ta yi sumul kamar kan ango. Me Inna take yi mata wanda mu ba ma yi?

Ƙaninki mai ladabi,
Auta

Zuwa ga Auta,

Wa alaikumus salam. Na ga saƙonka, kuma ladabin naka ban gan shi a ciki ba. Maigidan yana amsawa.

Askin nan shi ne ciwon. Irin wannan bishiya a jikin rassan da suka fito bara take ɗaukar fure. In aka datse su da sanyi, furen aka zubar tun bai buɗe ido ba. Inna ba ta taɓa kai mata almakashi sai bayan furen ya kaɗe. Baba bai sani ba, kullum yana shago lokacin.

Ka gaya masa cikin girmamawa. Don Allah, Auta, ban da shaƙiyanci. Ita kaɗai ce abin da Inna ta dasa da hannunta da ya rage a gidan.

Ka gaida Baba da kyau.
Yayarka

Zuwa ga Yaya,

Sallama irin ta kullum, da fatan alheri.

Na gaya masa, har da durƙusawa. Ya ce tun kafin a haife ki yake riƙe almakashi, ba yaro ne zai koya masa inda ake yanka ba. Na ɓoye na gida, na manta mutumin yana da aljihun tebur cike da su. Ina dawowa daga aike na tarar ya gama da rabinta. Na faɗa gaban ɗaya rabin na baje hannu, ya ce, "Tsaya nan har ka yi saiwa, gobe ma rana ce."

Washegari na je shago na zauna a kujera kamar mutumin kirki, na ce a rage mini suma. Yana gama gefen dama na zame mayafin askin, na ari na kare. Na bi layin kaf da rabin kai. Duk wanda ya ce, "Kai, wa ya yi maka wannan ɗanyen aiki?" sai in nuna masa shagon. Tela ya yi dariya har ya soki yatsa.

Baba ya kama ni a ƙofar gida, ya ce, "Ɗan nema, kana so ka kashe mini kasuwa?" Na ce, "Baba, ni da bishiya tafiyarmu ɗaya. In ka bar mata rabinta, zan sa hula." Sai ya cire hularsa ya kifa mini.

Na san kin ce ban da shaƙiyanci. Ki yi haƙuri, shi kaɗai na iya. Yanzu na kewaye ta da waya saboda awakin maƙwabta, kuma na ga wasu 'yan ƙullutai kamar ƙwayar shinkafa a rassan da suka tsira. Buhun siminti yana nan jingine a zaure, ni da shi kullum sai mun harari juna. Ba zan yi sake ba, Yaya.

Naki,
Auta mai rabin kai

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Furen ya fito! Ruwan ɗorawa, cunkus, gefe guda kawai. Ɗaya gefen tas.

Da safe na tarar da Baba tsugune a gabanta, shayinsa ya huce a ƙasa. Ban tsokane shi ba. Da ya miƙe ya ce in ɗora simintin a babur in mayar wa mai shi.

Ya kuma ce in tambaye ki, amma kar in ce shi ya ce: in furen ya kaɗe, daga ina Inna take fara yankan?

Ki amsa da wuri.
Auta