Ramin da Aka Haƙa a Filin Sukuwa

Tudun Wada, Zariya
4 ga Mayu

Yaya Juwairiyya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, da maigida da yara. Yaya ciwon gwiwar?

Yaya, Akawal ya mutu, dokin da Baba ya bar mini. Kin san gari ya cim ma filin sukuwarmu, filaye kuma sun yi tsada. Ashe Alhaji Sharfaddeen, shugaban ƙungiyarmu ta masu sukuwa, wanda Baba ya koya wa hawa, ya yanyanka filin fuloti-fuloti ya sayar a ɓoye. Aka haƙa ramin harsashin gini a kan kwanar da dawakai ke sha, ba ko tutar gargaɗi. Ran Talata da safe na saki Akawal a guje, ƙafarsa ta gaba ta faɗa ta karye. Ni na riƙe kansa har aka yi masa allurar ƙarshe.

Na je gidan Alhaji da jini a rigata. Bai ko aje kofin shayinsa ba. Ya ce wai zamanin doki ya wuce, in nemi adaidaita sahu in ja.

Kada ki ce in yi haƙuri, Yaya. Wallahi sai na ga ranar da zai kasa ɗaga kai a unguwar nan.

Ƙaninki,
Nagoda

28 ga Yuni

Yaya Juwairiyya,

Ina gaishe ki, ina gaida mutanen gida. Da fatan damina ta sauka lafiya a wajenku.

Na samu wasiƙarki, kuma ban bi shawararki ba. Kullum ina zama a gindin ɗorawar filin. A nan na ga mutum biyu suna zuwa duba fulotin da Akawal ya faɗi, kowa da ranarsa, kowa da takardarsa mai sa hannun Alhaji. Ɗaya tsohon soja ne daga Hanwa, ɗayan Alhaji Kailani, mai shagon siminti a Kwangila. Na yi shiru sati uku, ina jiran ɗaurin auren ɗan Alhaji Sharfaddeen.

Ran Juma'a, ƙofar gidansa ta cika, na shigo da su biyu har gabansa. Sojan ya ɗaga takardarsa, Kailani ya ɗaga tasa, liman ya karɓa ya karanta a fili. Kafin la'asar wasu mutum shida sun fito da nasu. 'Yan sanda suka tafi da Alhaji Sharfaddeen da babbar rigarsa, hula a hannu. Da zai shiga mota ya dube ni, ni ma na dube shi har suka sha kwana.

Kotu ta tsayar da gini, amma lauya ya ce filin ba zai dawo wa dawakai ba. Masu sukuwa sun fara kai nasu Kano.

Na san za ki ce in yi istigfari. Zan yi, amma ba wannan makon ba.

Ki gaida kowa.

Ƙaninki,
Nagoda