Carbin wani a motar da aka ba ɗana

Hajiya Sauda, don Allah ki taimake ni, zuciyata ta ƙi kwanciya. Ni ba wata 'yar boko ba ce, yadda maganar ta zo min haka nake dannawa, ki yi haƙuri.

A kan ɗan farina ne, kin san ba na kama sunansa. Tun da ya iya mota yake yawon neman aiki, Bici, Kano, ko'ina sai a ce ya dawo. Gonar tamu kuwa an raba an raba, geron ba ya kai mu damina. Ga matarsa Aina'u da tsohon ciki. To kwanan nan wani Alhaji Madu ya ɗauke shi, zai dinga jan ƙaramar motar kaya mai rufi, irin ta saƙon gaggawa, yau Daura gobe Haɗeja, a kai a juyo ba tsayawa. Murna dai har da rawa a tsakar gida.

Ran Juma'a ya zo da ita in sa albarka, ya faka ta a ƙofar gida. Na leƙa. Bayan a kulle da kwaɗo, wai makulli yana gun mai karɓar kaya, shi nasa tuƙi kawai. Ƙofar direba fentinta daban da na sauran jikin, kujerar ma ita kaɗai aka yi wa sabuwar riga. Sai ga carbi rataye a madubi, ya sha hannu har ya yi sulɓi. Na tambaye shi na waye, wai na direban da ya riga shi ne, wani Kamaruddeen ɗan Zakirai, Alhaji ya ce ya huta.

Hajiya, ya huta fa! Yaron ya ɗauka aiki mutumin ya ajiye. Ni kuwa ranar da mahaifinsu ya cika, da kalmar nan aka faɗa min. Kuma wane direba ne zai sauka da ƙafarsa ya bar carbinsa?

Sai na kasa sa albarkar. Shi ya rantse ba zai tayar da mota ba sai na sa, Alhaji kuma ya ce in bai fito ran Litinin ba akwai masu jira. Yanzu ko ido ba ya haɗawa da ni, Aina'u ma gaisuwa sama-sama. In na hana, na zaunar da su ba ci. In na sa, ban san ina na tura shi ba. Ya zan yi?

Uwa mai fargaba, daga ƙasar Bagwai

Inna, sannu da wannan nauyi. Tsoronki yana da tushe, amma har yanzu zato ne. Ana mantuwa da carbi, ana gyara ƙofa, kuma akwai masu kaya na ƙwarai da ke kulle mota don gudun sata. Aiki irin wannan yana wuyar samu, kada a yar da shi a kan kalma ɗaya.

Sai dai kalmar tana da sauƙin warwarewa, don Zakirai ba bangon duniya ba ce. Gobe ki tura baffan ɗanki tashar garin, direbobi sun san juna. Ya nemi Kamaruddeen ko iyalansa, dalilin zuwa ma a hannu yake: an kawo masa carbinsa. In yana raye, ya faɗi abin da ya sauke shi. In ya rasu, a ji ko hanya ce, ko gudu ba barci, ko kayan da ke baya.

Kwaɗon ya fi carbin damuna. Duk abin da jami'an tsaro suka samu a mota, mai sitiyari ake kamawa. Ɗanki ya nemi a yi lodi a gabansa, a kulle yana gani, a ba shi takardar kaya. Mai halal ba zai ƙi ba.

Ki ajiye kunyar ɗan fari, ki zaunar da shi da Aina'u, ki ce musu albarka tana nan, amsa kawai take jira. In Alhaji ya amince, carbi ya koma hannun mai shi, ki sa albarka da bakinki duka. In ya hau faɗa don an tambaya, to motar ce za ta koma, ɗanki ya tsaya.

Allah Ya tsare shi, Ya sauki Aina'u lafiya.

Hajiya Sauda