Tsifar Kai a Silima

Parkchester, Laraba

Ƙawata Hamdatu,

Bayan gaisuwa, ya ƙafar Inna? Ya maigidanki? Ni lafiya lau a nan ƙasar waje, sai dai shirun ɗaki.

Aikina na farko yau shi ne raka tsohuwar da nake kula da ita silima. Fim ne na mata biyu, ɗaya tana tsefe wa ɗaya kai, ba mai magana. Na ce, "Ƙawaye ne, irin namu na gida." Ta yi dariya: "Zuwaira, masoya ne!"

Tun ɗazu nake jin yatsunki cikin gashina, kamar lokacin da kike tsefe min kai a gida. Wataƙila kaɗaici ne kawai. Ke me kike kiran abin da ke tsakaninmu?

Allah ya bar zumunci.

Taki,
Zuwaira

Gobe:
wanki
karɓo maganin tsohuwa
kai wasiƙar nan gidan waya, in ban yaga ta ba