Ku Maido Tungar Gawo Likitan Tudun Aduwa Kafin Ƙorama Ta Cika

Zuwa ga shugaban kwamitin da ya raba ƙauyukan Arewa tsakanin gidajen likita.

Ranka ya daɗe, assalamu alaikum. Ina gaisuwa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Sunana Maman Sani, magidanci mai amalanken shanu daga Tungar Gawo. Sau biyu na zo biro ɗinka, wato ofishinka, ana ce mini kana wurin taro, shi ya sa na rubuto a fili.

Na farko. Tun da aka gina likitan Tudun Aduwa can muke zuwa. Hanyar tudu ce, ita muke bi zuwa kasuwar Dumega, rani da damina. Bana kuka cire sunanmu kuka kai Dogon Marke, wai ta fi kusa a taswira. To, a takarda ta fi kusa. Amma wanda ya ja layin nan bai san akwai ƙorama tsakaninmu ba? Da rani rairayi ne har gwiwar bijimi, da damina ruwa har ƙirji. Ko ɗan kabu-kabu ka ce masa Dogon Marke, dariya zai yi maka.

Na biyu. Matata Hadiza tana da ciki wata bakwai, ƙafafunta sun kumbura. Na kai ta Tudun Aduwa, ungozoma ta auna ta, ta ce jininta ya hau, sai an riƙa duba ta kowane sati biyu, kuma kada ta kuskura ta haihu a gida. Majo, babban ma'aikacin wurin, mutumin kirki ne, amma ya nuna mini takardarku: maganin masu ciki na Tungar Gawo da gidan sauronsu duk an tura Dogon Marke, can za a riƙa bin karnenta, wato katin awonta. Ban ga laifinsa ba.

Na bi doka. Ranar Talata, bayan ruwan shuka, na ɗora ta muka nufi Dogon Marke. A tsakiyar ƙorama taya ta nutse. Hadiza ta sauko tana riƙe da ƙugu, ta zauna gindin sabara tun hantsi har azahar, ni ina haƙa da hannu. Muka koma gida ba awo. Wallahi ranar na ji kunya, kuma har yanzu raina a ɓace yake. Wannan fa ruwan farko ne kawai!

Na uku. Wa kuka tambaya? Maigari ya ce shi ma a bakin majo ya ji. Haba, ranka ya daɗe! Da kun tsayar da kowace tsohuwa mai tallan fura, da ta gaya muku inda ƙafa ke bi.

Roƙona: a maido sunanmu da maganinmu Tudun Aduwa kafin ruwa ya zauna. Nan gaba kuma, in za a raba ƙauyuka, a tara masu amalanke da matan gari a ji ta bakinsu. In kana shakka, ka bar motar aiki ka zo, ni zan tsallaka da kai kyauta.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya sa ka gama aiki da mutunci. Hadiza za ta haihu lokacin da gero ke fidda kai, lokacin da ƙorama ke cin bijimi da amalankensa. Ranar da naƙuda ta tashi, hanyar tudu zan bi. Ina roƙon in tarar da sunanta a can.

Wassalam.
Maman Sani, Tungar Gawo.