Gwadon Gwaggo a Ƙarƙashin Taya

Assalamu alaikum Malam Edita, da kai da duk masu karanta wannan shafi. Ina gaishe ku da aiki, ina gaishe ku da damina. Don Allah don Annabi ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci, domin duk zagin da za ku yi mini na riga na yi wa kaina wanda ya fi shi. Kada a buga sunana. Na san mutumin Sakkwato zai gane ni nan da nan, tunda mota irin wadda nake ja guda ɗaya ce tak a garin, amma wadda nake ɓoye wa maganar ba ta karatun boko, kuma ina roƙon duk wanda ya gane ni ya kama bakinsa.

Ni direba ne, ina aiki wurin wani Bature mai sayen fatu. Ban da babbar motar kaya, yana da wata 'yar ƙaramar mota ja, mai kujera biyu, ba rufi, wadda yake ji da ita fiye da matarsa da ya baro a ƙasarsu. Mutanen unguwarmu ta Ƙofar Atiku suna kiranta Jar Akuya. Ni nake wanke ta, ni nake duba mata mai da ruwa, kuma in faɗi gaskiya na fi shi iya tuƙa ta, ko da yake ban taɓa faɗa masa ba. Ina da son a yabe ni, wannan halina ne tun ina yaro, kuma shi ya jefa ni cikin abin da nake ciki yau.

Uwata ta rasu ranar da ta haife ni. Gwaggona, yayar mahaifina, ita ta ɗauke ni ta shayar da ni tare da ɗanta, wanda zan kira Ummaru ko da yake ba sunansa ba ne. Ni da shi taubasai ne, kun kuwa san yadda taubasai suke. Tun muna yara ba mu taɓa yin magana ta gaskiya da juna ba, sai tsokana da ƙarya don a yi dariya. Na taɓa ce masa ana nemansa a kasuwa za a ba shi doki, ya tafi ya wuni yana jira. Mahaifinsa masaƙi ne, da ya rasu Gwaggo ta so Ummaru ya zauna a masaƙar, shi kuma ya ce ba zai tsufa a rami yana jefa ƙoshiya ba. Magana ta yi zafi, ya faɗa mata abin da ɗa bai kamata ya faɗa wa uwa ba, ita kuma ta ce in ya fita ƙofar gidan kada ya sake dawowa. Ya fita. Daga baya muka ji yana ƙasar Jos wurin haƙar kuza, kuma tun daga lokacin ba a ambaton sunansa a gabanta.

To, farkon daminar bana Maigida ya ce in shirya Jar Akuya za mu Jos. Turawan can suna wani wasa lokacin hutunsu, tseren hawan dutse da mota. Ba kamar sukuwa ba ne da ake tashi tare. Hanya ce siririya mai kwane-kwane da ta tashi daga gindin dutse zuwa samansa, mota ɗaya ake saki a lokaci guda, mai tuta yana ƙasa, mai agogo yana sama, wanda ya fi saurin isa shi ya ci. Ba sana'ar kowa ba ce, nishaɗi ne kawai. Abin da ya hana ni sukuni shi ne da Maigida ya ce in iyayen gida sun gama akan bar direbobinsu su ma su gwada. Na bi unguwa ina shela, har mai sayar da goro sai da ya san za ni Jos.

Ana gobe za mu tashi, bayan la'asar, Gwaggo ta aika in zo. Na same ta zaune da wani gwado a cinyarta, baƙi da fari, mai kauri. Na gane shi, shi ne na ƙarshe da mijinta ya saƙa kafin ya kwanta ciwo, kuma ko shanya ba ta yarda wani ya yi masa ba. Ta ce, "An ce ƙasar can sanyi gare ta. Ka kai ma Ummaru gwadon ga. Ka ce mai ni nic ce na yahe mai duniya da lahira, shi komo gida." Na ce, "Gwaggo, motar ƙarama ta, ba wuri. In hwaɗa mai da baki bai isa ba?" Ta harare ni ta ce, "Kai da Ummaru? Tun kuna rarrahe ba ka taɓa hwaɗa mai magana yag gaskata ba. Cewa za shi yi wasan taubasai na. Amma in yag ga gwadon ubanai, ya san ba shi hita ɗakin ga sai da hannuna." Na karɓa hannu bibbiyu, na ce in Allah ya yarda ba zan sa ƙafa a dutsen Turawa ba sai na kai. Wallahi haka na faɗa mata, kuma a lokacin har zuciyata nake nufi.

Tafiyar ba ta zo da sauƙi ba. Kafin Gusau taya ta fashe mana, bayan Funtuwa muka tarar ruwa ya ci wata gada sai da mutanen ƙauye suka turo mu ta cikin rafi, ga yara da manya suna biyo mu da gudu duk garin da muka shiga. Muka isa Jos a makare, ana gobe za a yi wasan. Na ce wa kaina ai ba komai, in an gama sai in nemi Ummaru da hankali kwance. Wane ne zai ce ban kyauta ba? Yini ɗaya ne fa.

Ranar wasan muka sauke duk kayan da ke motar a gindin dutse don ta yi sauƙi, har tayar ajiya, gwadon Gwaggo yana bisa tarin. Maigida ya hau nasa, ya sauko fuska ta yi ja, domin kusan shi ne na baya. Kafin a zo kan direbobi aka yi ruwa mai ƙarfi, wurin tashin ya zama taɓo. Direbobin Jos sun san ƙasarsu, kowa ya zo da tsohon buhu yana shimfiɗawa ƙarƙashin ƙafafun baya. Ni ban zo da komai ba. Aka ɗaga mini tuta, na taka, tayoyi suka yi ta juyawa wuri ɗaya suna watsa wa mutane laka, mota ko motsi. Dariya ta ɓarke. Wani direba ya ce, "Basakkwace, ƙasarku ko tudun tururuwa babu, me ya kawo ka dutse?" Na roƙi buhu, kowa ya kau da kai. Maigida yana ta ihu, "Sa wani abu! Maza, maza!" Aka ce an ba ni dama ɗaya kuma, in ban tashi ba in kauce.

Jama'a, ba wanda ya ce in ɗauki gwadon. Maigida bai ma san na wane ne ba. Da ƙafata na je, da hannuna na ɗauko, na shimfiɗa shi ƙarƙashin tayoyin, ina ce wa kaina laka ce kawai, in na sauko sai in wanke. Shin ban san abin da taya take yi wa buhu ba? Ba ni ne direba ba? Na sani sarai. Dariyar ce ba zan iya haɗiyewa ba. Tuta ta sauka, Jar Akuya ta cafki gwadon ta yi tsalle gaba, na shiga kwanar farko gindinta yana zamewa, na riƙe sitiyari na sauya giya, duwatsu suna wucewa ta gefen kunnena, inji yana kuka, ni ma ina ihu ban san me nake faɗa ba. Ba zan yi muku ƙarya ba, tun da aka haife ni ban taɓa jin daɗi irin na wannan hawan ba, kuma wannan ma yana cikin abin da yake ba ni kunya. Na fi duk direbobin sauri. Aka ba ni wani kofi mai ƙyalli, Maigida yana dukan bayana, wanda ya kira ni Basakkwace ya zo yana miƙo hannu.

Da na sauko gindin dutse na tarar waɗanda suka tashi bayana su ma a kansa suka tashi. Tsumma na tsinta cikin laka. Zare ya warware, ba a gane fari balle baƙi, babban abin da ya rage bai fi tafin hannu biyu ba. Na tsuguna a wurin da kofi a hannu ɗaya, tsumma a ɗayan.

Duk da haka washegari na nemi izini na je sansanin da aka ce Ummaru yake. Na tambaya, aka nuna mini ramin. Na kuwa gan shi. Yana cikin jerin masu hawowa da kwanon ƙasa a ka, ya rame har wuyansa ya yi tsawo, 'yar riga ce a jikinsa duk ta yage, ga iska mai sanyi tana kaɗawa, yana tafe yana tari. Tsakanina da shi bai fi a kira mutum ya ji ba. Na buɗe baki sai na tuna maganar Gwaggo. In ce masa me? Uwarka ta yafe maka, ta aiko da gwadon ubanka, amma na sa shi ƙarƙashin taya don Turawa su tafa mini? In ya ɗauka wasa ne ya yi dariya, in ya gaskata ya tofa mini yawu, ban san wanda na fi tsoro ba. Na ja hulata na rufe fuska, na juya. Na bar ɗan'uwana cikin sanyin nan ban ko ce masa sannu ba.

Da muka dawo Sakkwato unguwa ta cika, ana ta kallon kofi. Gwaggo ba ta dubi kofin ba, ni ta duba. Ta ce, "Ka gane shi?" Na ce na gan shi. Ta ce, "Ka ba shi?" Malam Edita, nan ne ƙofar ƙarshe da Allah ya buɗe mini, na rufe ta da kaina. Na ce, "Na ba shi, Gwaggo. Har kuka yay yi. Ya ce shina tahe kahin Babbar Salla." Ta ɗaga hannu tana sa mini albarka, tana cewa nonon da ta ba ni bai faɗi ƙasa banza ba. Don in rufe bakinta na miƙa mata kofin na ce kyauta ce.

Tun ranar ta sa aka share ɗakin Ummaru, aka yi masa sabon daɓe. Duk motar da ta shigo gari daga gabas sai ta aika a dubo. Watanni suka wuce, shiru. Yanzu kuma ciwo ya kwantar da ita, ƙafafunta sun kumbura, kuma murnar ta fara juyewa. Shekaranjiya na shiga gaishe ta da hantsi, ta kama hannuna ta ce, "Ɗana, ka ga abin da Ummaru yay yi min? Ni uwatai, ni nis sauko, nib ba shi gwadon ubanai, yak karɓa yal lulluɓa, yash share ni. In Salla taw wuce bai zaka ba, wallahi nono za ni ɗaga mai, kak shi ga daidai har shi mutu." Na ce, "Gwaggo, ki yi haƙuri, wataƙila aiki na." Ta ce, "Kai dai ka cika amana. Shi na baƙin ɗa." Na fito zaure na zauna.

Kun ji inda nake. Mutumin da bai ji saƙo ba, bai ga gwado ba, bai ma san an yafe masa ba, shi za a yi wa baki saboda ni. Bakin uwa kuwa kun san ba abin wasa ba ne. Na yi tunanin in hau mota zuwa Gusau in kama jirgin ƙasa in je in durƙusa masa, amma da me zan tabbatar masa, ni da ban taɓa faɗa masa gaskiya ba, ga hannuna wayam? In ya ƙi biyo ni fa? In kuma ciwon Gwaggo bai jira na dawo ba fa? Na yi tunanin in faɗa mata komai, sai in ga tsohuwa ce marar lafiya, kada in ƙarasa ta da bakina. Kuma tunda na ce zan faɗi gaskiya bari in faɗe ta duka: ina tsoro. Nonon da take cewa za ta ɗaga wa Ummaru, ni ma shi na sha. In ta ji, kaina zai dawo, kuma ni ne na cancanta.

Ga watan Salla ya kusa tsayawa. Tsumman gwadon yana ƙarƙashin kujerar Jar Akuya, kullum a kansa nake zama. Kofin kuma Gwaggo ta wanke shi ta kife a kan randa, ta hana kowa taɓawa, ta ce duk fushin da take yi, in Ummaru ya shigo, da kofin za ta ba shi ruwan sannu da zuwa.

Don Allah jama'a, wanda ya taɓa cin amana ya samu hanyar gyarawa ya taimake ni. In fara da uwar, ko in fara da ɗan? Me zan yi?