Ƙafar Fiyano da Daɓen Ɗakin Waje

Unguwar Gobarau,
Katsina.
21 ga Oktoba, 2023.

Zuwa ga Yayana Usman,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali. Yaya aiki, yaya zaman Fatakwal da ruwanta da ba ya ɗaukewa? Allah Ya ƙara lafiya da rufin asiri, Ya tsare ku a inda kuke. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har tana zuwa islamiyya da kanta. Zulaihat tana nan lafiya, ɗiyarmu Maimuna kuma ta shiga aji ɗaya, surutu ya ƙaru. Gwaggo Talatu idanun ne dai sai a hankali, amma kunnenta ya fi na kowa a gidan nan. Damina ta yi albarka bana, har ruwan ya so ya yi yawa.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda alhali muna waya kusan kowace Juma'a. Sau biyu ina kiranka da niyyar in faɗa maka wannan magana, sai in ji bakina ya yi nauyi, in ɓige da tambayar yara. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta, in bi ta daki-daki.

Fiyanon da ka aiko mani ya iso lafiya tun watan Yuli, kamar yadda na shaida maka. Allah Ya saka da alheri. Tun da na fara kiɗan waƙoƙin biki da tallar rediyo ban taɓa ɗora hannu a kan irinshi ba. Sai dai nauyi gare shi, Yaya, ya fi rabin buhun siminti, mu biyu muka shigo da shi. Na share ɗakin waje, wannan na jikin zaure da marigayi Baba ke tara buhuna da tarkace, na yi fenti, na mai da shi wurin aiki. Abin da ya rage kawai abin da zan ɗora shi a kai.

Da farko na je wani shago kusa da Babbar Kasuwa na sayo ƙafa irin mai kama da almakashi, wadda ake buɗewa a naɗe. Kwana uku na ga ba za ta yi ba. Ina taɓa fiyanon sai ya riƙa rawa, rannan kuma na dawo daga sallar azahar na tarar ya karkata gefe guda. Mai shagon ya ce ai wannan ta ƙananan fiyano ce, ya canza mani da mai ƙarfe biyu-biyu. Ita ba ta rawa, amma sai ta fito da wani hali. Kullum na buɗe ɗaki da safe sai in ga kamar ba a nan na bar ta ba. Na zargi idona. Sai na samo alli na zagaye ƙafafunta huɗu a ƙasa, na kulle ɗaki, makulli a aljihuna. Washegari na iske ta fita daga zanen da faɗin yatsa biyu. Jibi ta ƙara. Kuma kullum wuri guda take nufa, tsakiyar ɗaki.

Sannan ga maganar sauti. Akwai madanni na can ƙarshen hagu, mai murya mafi kauri. Duk sanda na danna shi, ko na ɗaga yatsa sai in ji muryar ba ta mutu ba, tana ci gaba, kuma ba daga sifika take fitowa ba, a tafin ƙafata nake jin ta. Wata ranar Talata da hantsi, rana tsaka, ina cikin aiki aka ɗauke wuta daidai lokacin da na danna shi. Fitilar fiyano ta mutu, fanka ta tsaya, amma wallahi Yaya sai da na ja numfashi uku muryar nan tana nan a ƙarƙashina, sannan ta lafa a hankali. Na fito waje na tsaya cikin rana. Ban faɗa wa kowa ba.

Da na shiga cikin gida shan ruwa, na tarar da Gwaggo zaune bakin ƙofarta, ta karkata kai tana saurare, kokonta na gefe ya huce. Ta tambaye ni wane ne ke jan ruwa a waje. Na ce mata ba kowa, ai famfo ma bai kawo ba. Ta ce ita dai ta ji an saki guga. Daga ranar ta rage cin abinci, in na fara aiki sai ta shige ɗaki ta ja ƙofa. Muka ɗauka tsufa ne.

Ni dai har lokacin laifin ƙafa nake gani. Na je wurin Yakubu, abokina mai kaɗa fiyano a cocinsu, wanda ya fi ni sanin kayan nan. Ya yi mani dariya, ya ce fiyano mai wannan nauyi ba a ɗora shi a kan almakashi, domin duk nauyin a kan ƙusa ɗaya ta tsakiya yake tsayawa, ranar da ta gaji sai a kwashi fiyano a ƙasa. Ya ce in sa a yi mani teburin ƙarfe mai ƙafa huɗu a ware, da ƙarfen da zai riƙe su ta baya don kada su buɗe, tsayinshi daidai gwiwar hannuna in ina zaune, a bar wurin shigar gwiwa. Ya ce kowace ƙafa a sa mata noti a ƙasa da roba, wanda za a iya murzawa a ɗaga ko a sauke, domin ba daɓen da yake daidai. Haka na kai wa Malam Sammani mai walda, ka san shi, wanda ya yi mamu ƙyauren gida. Cikin mako guda ya gama, ya kawo da kanshi. Ya zo da ma'aunin magina, wannan mai ɗigon ruwa a tsakiya, ya yi ta murza noti har ɗigon ya tsaya cak. Ya hau kan teburin ya zauna, ko motsi bai yi ba. Ya ce in wannan ya girgiza in canza mashi suna. Ya bar mani ma'aunin aro.

Bayan kwana uku na ɗora ma'auni, ɗigon ya gudu gefe. Na murza notin ƙafafun gaba, ya dawo. Bayan kwana biyu ya sake gudu. Haka muka yi ta yi, ina murzawa yana gudu, har cikin mako biyu notin ya ƙare, ba sauran abin murzawa. Na koma wa Malam Sammani da ƙorafi. Ya zo ranshi a ɓace, ya juya teburin ya duba walda, ya ce aikinshi ba inda ya motsa. Sai ya kalli ƙasa. Ya laluba aljihu ya fito da ɗan ƙwallon ƙarfe na boris, ya aje a kusurwar ɗaki. Ƙwallon ya gangara da kanshi ya tsaya a gaban teburin, daidai inda nake aje kujerata. Ya ɗauka ya kai wata kusurwar, ya dawo nan. Kusurwa huɗu, wuri ɗaya. Sai ya durƙusa ya ƙwanƙwasa daɓen da guduma. A jikin bango ƙara ce irin ta siminti. Da ya matso tsakiya ya buga, sai ɗakin ya amsa kamar an bugi babbar randa, irin muryar nan da nake ji. Malam Sammani ya miƙe a hankali, ya rage murya kamar akwai mai jin mu, ya ce in kama gefe ɗaya na fiyanon ya kama ɗaya, mu bi jikin bango mu fita, kada wanda ya taka tsakiya.

Muna fitowa zaure muka ga Gwaggo tsaye, ta dafa bango ta lallaɓo ita kaɗai, ita da ta yi shekara ba ta leƙa zaure ba. Ta ce ta ji bugun. Ta ce a ba ta kujera, a kira Inna. Abin da ta faɗa mamu shi ne dalilin wannan takarda.

Yaya, rijiya ce a ƙarƙashin ɗakin nan. Kuma Baba yana da wata yaya da ba mu taɓa jin sunanta ba, Hajo, ƙanwar Gwaggo. Lokacin Gwaggo na da shekara goma sha ɗaya, Hajo na da shida, Baba yana goye. Gwaggo ta ce ita ce ta koya wa Hajo wani wasa, su leƙa rijiyar su kira sunansu su ji ta maimaita. Wata ranar kasuwa aka bar mata tsaron yarinyar, ta tafi maƙwabta kallon kitso. Tana can tana jiyo Hajo na kiran sunanta a bakin rijiya, rijiya na amsawa, ta ce a ranta bari a gama wannan layin kitson ta tashi. Sai ta ji kiran ya tsaya. An fito da gawar Hajo daga rijiyar kafin la'asar, aka yi mata sutura a ranar. Kakanmu Malam Mati bai daki Gwaggo ba, bai ma yi mata faɗa ba. Ya sa aka jera azara a bakin rijiyar aka zuba ƙasa, ya gina ɗaki a kai, ya ce kada ya sake jin sunan yarinyar a gidanshi, saboda mahaifiyarsu ta kusa zaucewa. Da aka zo yin siminti bayan shekaru, a kan wannan ƙasar aka zuba. Baba ya rayu ya rasu bai sani ba. Inna ma a ranar ta fara ji. Gwaggo ta ce tun da na fara kiɗa a ɗakin take jin rijiyar ta farka, ta rasa bakin da za ta faɗa da shi, kullum sai ta ce gobe.

Ranar Asabar da safe muka kira magina, suka gitta katako daga bango zuwa bango suka fasa daɓen. Guduma biyu kacal, tsakiyar ta rufta ciki. Azarar duk gara ta cinye, ruwan bana kuma ya zaizaye ƙasar, ba abin da ya rage sai ɓawon siminti da bai fi kaurin yatsa uku ba. Ƙafafun teburin na baya a kan dutsen bakin rijiya suke, na gaba a kan rami. Kujerata kuwa a tsakiyar bakin take. Wata biyu da rabi ina zaune a wurin, kuma sau nawa Maimuna ke dawowa daga makaranta ta haye cinyata tana danne-danne. Da na tuna haka sai na zauna a ƙasan zaure. Zulaihat ta rungume yarinyar ta ƙi sakinta har azahar.

Ashe rijiyar tana da ruwa har lokacin. Mun haska da tocila, yana can ƙasa, baƙi wuluk, ba ya ko motsi, wata iska mai sanyi na tasowa daga ciki. Gwaggo ta ce a kai ta. Inna ta hana, Gwaggo ta nace. Ni da Malam Sammani muka riƙe ta hagu da dama har bakin ramin. Ta yi sallama. Sannan ta sunkuya ta kira sunan ƙanwarta sau ɗaya, da wata siririyar murya da ban san ta da ita ba. Rijiyar ta dawo mata da shi. Na san amsa-kuwwa ce, kowa a wurin ya sani, amma ba wanda ya iya ɗaga ido ya kalli wani. Babban maginin ma juya baya ya yi. Gwaggo ta daɗe a tsaye, ta yi addu'a, sannan ta ce to, a cike ta.

An zuba tifa uku ta ƙasa da duwatsu, magina sun ce a bari ta zauna har bayan wata biyu kafin a yi sabon daɓe da rodi. Ɗakin a kulle yake. Fiyanonka ba abin da ya same shi, na mai da shi cikin gida a kan teburin Malam Sammani. Mun yi sadaka ranar Juma'a, liman ya sa Hajo cikin addu'a tare da Baba da kakanni. Gwaggo ta koma cin abinci, jiya har ƙari ta nema.

Saƙonta ne ya rage, kuma ta sa na yi alkawarin rubuta shi yadda ta faɗa. Ta ji labarin cewa matarka Anti Halimatu ta kusa sauka. Ta ce in Allah Ya sauke ta lafiya, in mace aka samu, tana roƙon arziki ku sa mata Hajara, a riƙa kiranta Hajo. Ta ce ba tilas, ku ne iyaye, in kun riga kun zaɓi suna ba komai. Amma tana so kafin ta bar duniya ta ji an kira sunan nan a tsakar gidan nan, ta ji yarinya ta amsa da bakinta, ta rugo da gudu. Don Allah ku yi shawara, kuma in da hali ku zo da jaririyar da wuri, kada ku jira sai babbar sallah.

Ka gaida Anti Halimatu, Allah Ya raba lafiya. Ka shafa mani kan Siddiq da Umair, ka ce Maimuna na tambayar su kullum. Inna tana sa maka albarka, Zulaihat na gaisuwa, Malam Sammani da Yakubu ma sun ce in isar. Gwaggo ta ce tana sauraren amsa.

Allah Ya sada mu da alheri. Wassalam.

Ni ne ƙanenka,
Bala.